Atiku da Rumbu Mai Aljihu

In ka bi tsoffin unguwannin Kalgo, ko ƙauyukan gefenta har Wurogauri, ka ga tsohon rumbun laka da ɗan kogo a jikinsa ta waje, daidai inda hannun yaro zai kai, to aikin ubana ne. Yanzu sun kusa ƙarewa, ruwa ya cinye wasu, wasu magada sun rushe. Kwanakin baya na ji wani saurayi yana gaya wa abokinsa wai wurin ajiye fitila ne. Fitila a jikin rumbu, kuma ta waje. Na ce masa, yaro, in ba ka san abu ba ka tambayi masu furfura, bakinka ba zai zube ba. Aljihu muke ce masa, kuma hatsi ake zubawa a ciki.

Sunan ubana Atiku. Ni ce 'yarsa ta fari, Binta, ko da yake a Kalgo kowa Ta-Inno yake ce mini. Abin da zan faɗa, wani na gani da idona, amma mafi yawa daga bakin Inno Azumi na ji shi, matar da ta riƙe shi, daga baya ta riƙe ni. Shi kansa ba mai labari ba ne. In ka matsa masa da tambaya sai ya ce laka tana bushewa, ya tashi ya bar ka.

A Kambaza aka haife shi, can ƙasar Gwandu, a shekarun da Nasara suka shigo. Ubansa manomi ne mai gonar gero da 'yan awaki, ba mai shi ba ne, ba kuma mabaraci ba. Yana da shekara goma ko sama da haka kaɗan damina ta yanke, shuka ta ƙone tun ba ta fitar da kai ta yi bunni ba, aka shiga babbar yunwar nan da tsofaffi ba sa son ambato. Aka ci iri, aka ci awaki, aka koma ga ƙarangiya da ganyen tafasa. Da waɗannan suka ƙare sai aka koma tonon gidan tururuwa. Ku na yanzu ba ku san shi ba, Allah kada ya sanar da ku. Tururuwa tana tara ƙwayar hatsi da ta ciyawa a ƙarƙashin ƙasa. Sai mutum ya bi layinta har bakin rami, ya tona, ya kwaso ajiyarta haɗe da ƙasa, a sheƙe, a dafa. Yini guda kana tono, abin da za ka samu da ƙyar ya cika tafin hannu biyu.

Ubansu ya tafi wajen gulbi neman abinci bai dawo ba. Uwarsu ta kwanta ba ta tashi ba. Ya rage daga Atiku sai ƙanwarsa Binta, wadda ba ta daɗe da fara zuwa aike ba. Ya ji ana cewa a Gwandu manyan gidaje suna rabon kunu, sai ya goya ta suka kama hanya tare da sauran masu gudun yunwa. A tsakiyar hanya ƙafarsa ta gaza, ita kuma ta daina ko kuka. Ya sauke ta a gindin wata tsamiya. Yana zaune sai ya ga layin tururuwa ya ratsa hanya ya shige gonaki.

Ya ce mata, "Zauna nan, kada ki tashi. Yanzu nake dawowa."

Ramin ya yi nisa, ƙasa kuma ta yi tauri, ba shi da ko fartanya. Da ya dawo da ɗan abin da ya samu ƙunshe a bakin rigarsa, rana ta karkata, gindin tsamiya ba kowa. Ba jini, ba tsumma, ba komai, hanya kuwa cike take da sawun mutane. Ko wani ne ya ɗauke ta don tausayi, ko don ya sayar, ko ita ce ta tashi ta bi bayansa cikin gonaki, har ya mutu bai sani ba. Inno takan ce da ya ga gawarta ya binne, da ya yi kuka ya huta. Rashin sanin ne ya cinye shi.

Ya isa Gwandu shi kaɗai, ya tarar da irinsa da yawa. 'Ya'yan yunwa ake ce musu. In kasuwa ta tashi su kwana a rumfuna, in sanyi ya matsa su koma bakin marina inda toka ke da ɗumi. Da rana su yi dako, su share inda masu awo suka tashi su tsince tsabar da ta zube. Ruwa ya dawo, aka yi noma, mutane suka murmure suka manta, amma su ba gidan komawa. Kowannensu kuma da abin da yunwar ta bar masa. Wani ya daina magana sam. Wani in ka dafa kafaɗarsa ta baya sai ya kai maka cizo. Abokin ubana, Hamidu, lafiyarsa lau har sai ya ga an fito da makara, nan zai kama dariya yana jifan mutane da duk abin da hannunsa ya kai.

Wata rana Hamidu ya fasa wa wani dattijo kai, sai aka sa shi a turu. Turu gungumen icce ne mai nauyi, a huda shi, a zura ƙafar mutum, a buga ƙarfe ya tare ta. Haka ake yi wa wanda aka ce ya haukace, kuma masu yi ba mugunta suke nufi ba, abin da suka sani ke nan. Ubana ne ke kai masa abin da ya tsinto. Ya ga ƙafar ta kumbura, ta fashe, ƙuda ya zauna mata. Ya ga Hamidu ya daina dariya, ya daina ci. Ranar da aka zare ƙafar don a yi masa wanka, ubana bai tsaya jana'iza ba. Ya bi bayan jakunan wasu fatake, yau nan gobe can, har ya faɗo Kalgo yana ɗan saurayi, dogo, duk haƙarƙari.

Nasa ciwon kuwa ga yadda yake. Yana aiki, yana gaisuwa, yana salla, ba ka ce komai ba. Amma da ya ga layin tururuwa, shi ke nan, an rasa shi. Zai bi ta duk inda ta nufa, ya durƙusa ya kama tono da hannu, ko kiran sunansa kake yi a kunne ba ya ji, har farcensa ya yi jini. In ya sami 'yar tsaba sai ya ruga gindin itacen da ya fi kusa, ya tsaya yana waige-waige, sannan ya zuba ta a nan. Daga nan hankalinsa ya dawo, kunya ta rufe shi, ya yini bai ɗaga ido ba.

A Kalgo tururuwar ta ja shi inda bai kamata ba. Akwai wani magini, Tambari, wanda duk rumbun kirki na garin hannunsa ne, mutum mai zafin rai da ƙaton wuya. Ya gama wani sabon rumbu ke nan, laka ba ta gama shan iska ba, sai ubana ya bi layi har ƙarƙashinsa ya tone gindin dutsen da ke ɗauke da shi. Rumbu ya karkata, ya tsage daga sama har ƙasa. Aka taru a kansa, wasu na cewa ɓarawo ne, wasu na cewa iska ce ta shige shi. Tambari bai ce a doke shi ba. Ya aika aka saro gungumen kirya, ya sa masassaƙi ya huda. Ubana na zaune a ƙasa an ɗaure masa hannu, yana kallon ana sassaƙa ramin, ya kuwa san abin da ake yi.

Nan Inno Azumi ta iso, ƙanwar Tambari, da ƙwaryar furarta a ka. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta maza biyu kuma annobar murar nan ta marisuwa ta kwashe su a shekarar, ɗakinsu na nan a rufe. Gajeriya ce, ba ta da murya, amma ban taɓa ganin wanda ya ja da ita ya ci ba. Ta sauke ƙwarya ta tsuguna gabansa. Ta ga ya dunƙule hannu ɗaya ya ƙi buɗewa, tsabar gero na leƙowa ta tsakanin yatsu.

Ta ce, "Ɗana, mi kaka biɗa?"

Ya ƙara damƙe hannun.

Ta ce, "To wannan da ke hannunka, na wa ne?"

Ya ɗago ya dube ta. Ya ce, "Na Binta ne. Tana jira."

Shekarun nan duka an zage shi, an kore shi, an tofa masa addu'a, amma ba wanda ya taɓa tambayarsa na wa ne. Inno ta miƙe ta ce wa wanta, "Yaya, ka ba ni shi."

Tambari ya ce, "Azumi, baƙin ciki ne ke magana a bakinki. Wannan ba ɗanki ba ne."

"Na sani. Nawa ai na san inda suke kwance."

Tambari ya dubi gungumen, ya dubi ƙanwarsa. Can ya ce, "Riƙe shi. Zai kwaɓa mini laka har a tada rumbun da ya kayar. Amma gungumen nan ba zan fasa shi ba. Ranar da ya sake tono a garin nan, ƙafarsa za ta shiga, kuma kada ki zo mini da kuka."

Aka mirgina gungumen bayan zauren gidan Tambari, ya zauna nan shekara da shekaru. Ni kaina na yi wasa a kansa. Nakan zura hannu ta ramin in leƙa ta ɗaya gefen, ban san don ƙafar ubana aka huda shi ba. Abin da na lura kawai, in zai shiga gidan yakan zagaya ta nesa da shi.

Inno ta kai shi wajen malam an yi masa rubutu ya sha, kamar yadda kowa zai yi. Ta buɗe ɗakin 'ya'yanta ta shimfiɗa masa tabarma, ya ƙi shiga. Watanni a bakin ƙofa yake kwana, kai a ciki ƙafafu a waje, wai don in an zo kama shi ya samu gudu. In ta ba shi tuwo ya ci rabi ya ɓoye rabi cikin jinka har ya yi tsami. Ba ta hana shi ba, ba ta kuma yi masa wa'azi ba. Sai ta ɗauko wani ɗan tulu mai fasasshen baki ta girke a bakin ɗakin. Kowace safiya in ta auno geron fura, kafin ta zuba a turmi, sai ta kira shi, ta ɗebi cikin hannu ta zuba a tulun a gabansa, ta ce, "Ga na Binta." Iyakar maganar ke nan, ta koma dakanta.

A hankali abin ya kama. In suna tafiya ya ga tururuwa ya tsaya cik, sai ta ce, "Nata na gida, Atiku." Gumi ya keto masa, sannan ya tsallake. Daga baya shi da kansa yake faɗa a ƙasan maƙoshi. Kada ku ɗauka warkewa ya yi. Akwai ranakun da abin ke fin ƙarfinsa, musamman in damina ta yi jinkiri, sai ya fice bayan gari can cikin saura, tsoffin gonakin da aka daina nomawa, ya yi tononsa. Inno ta bi shi da ruwa a buta, ta jira ya gama, ta wanke masa hannu ta shafa man kaɗe, su dawo kamar daga itace suke. Tambari ba wawa ba ne, yana ganin farcen da safe wajen aiki. Wata rana wani ya kai masa tsegumi, sai ya ce, "A garin nan na ce. Saura ba gari ba ce."

Da tulun ya cika, Inno ta tambaye shi yadda za a yi da shi. Ya yi kwana biyu yana zagayen tulun. Rana ta uku ya juye shi a ƙwarya ya kai rumfunan kasuwa, inda wasu yara marasa gida ke kwana, don ko a Kalgo ba a rasa su ba. Ya ajiye musu ya juyo. A daren ranar, in ji Inno, ya shigar da ƙafafunsa cikin ɗaki.

Aikin rumbu kuwa ya karɓe shi. Kai, ina ma kun ga lokacin ginin rumbu a Kalgo ta da. Da kaka ta gabato, maza su haƙo jar laka, a zuba ruwa da yankakkiyar ciyawa, samari su shiga da ƙafa suna kwaɓawa, a bar ta ta kwana ta ruɓa har warinta ya cika unguwa. Ni har gobe in na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar laka sai ƙirjina ya yi nauyi. A jera duwatsu, a ɗora gindi, sannan magini ya riƙa ɗora laka zagaye bayan zagaye, yana jira na ƙasa ya sha iska kafin ya ƙara na sama. Ba a gaggawa. 'Yan mata na kawo ruwa daga gulbi suna tsokanar masu kwaɓi, matan gida na aiko da fura da soyayyen kifi. Ubana in yana kan aiki ba ya magana, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, yana lallashin bango har ya yi sumul. Wanda ya gan shi a lokacin ba zai ce shi ne mai tono ba.

Rumbun farko da Tambari ya sakar masa shi kaɗai, da ginin ya kai ƙugu, sai ya liƙa wani ɗan kogo ta waje. Tambari ya zo duba aiki ya gani, wuyansa ya ƙara kumbura.

"Wannan fa? Gidan ɓera kake wa mutane?"

Ubana ya ce, "Kawu, na mai wucewa ne. Yaron da ya daɗe a waje ba ya iya sallama a ƙofar mutane."

Tambari ya ɗaga hannu zai ɓare shi, sai matar mai gidan ta leƙo ta ce a bar mata abinta. Da aka zuba hatsi ita ta fara cika shi. Daga nan mata suka ɗauka. Wadda duk ta gama shiƙa sai ta watsa cikin hannu a aljihu, ba ta tambayar wa zai ci. Tsuntsaye na ci, awaki na miƙa wuya, amma yara ma na samu, kuma ba sai sun tona ƙasa ba. Akwai marowatan da suka toshe nasu da laka tun ubana bai wanke hannu ba. Na san gidajensu sarai, ba zan faɗa ba ne don jikokinsu na gaishe ni.

Uwata Ruƙayyatu 'yar masunta ce. Da aka kai maganar aure danginta suka ce ina, mai taɓin hankali, wanda ba a san asalinsa ba. Ita kuwa bakinta ba ya ajiya. Ta ce ta ga masu cikakken hankali da yawa a bakin gulbi, ba ta ga abin da suka tsinana ba. Tambari da kansa ya sa babbar riga ya je ya tsaya a matsayin uba. Shi mai gungumen, shi ne kuma waliyyi, haka mutumin yake.

Da aka haife ni, ranar suna, ubana ya raɗa wa liman Binta. Inno ta ce ta ji tsoron kada sunan ya riƙa tada masa ciwo kullum a cikin gida. Amma al'ada ta rufa masa asiri. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa gaban mutane, ba ya ko nuna ya san da shi. Da aka yaye ni aka miƙa wa Inno, na zama Ta-Inno. Shi kuwa "ke" yake ce mini, ko "yarinyar nan". Sai dai akwai abu guda da yake karya kunya a kansa. In ba kowa kusa, sai ya tsuguna ya kama kafaɗuna ya ce, "In kin ɓata, ki nemi rumbu mai aljihu. Ki ci abin da ke ciki, ki zauna, kada ki tashi." Ya faɗa mini wannan har na gaji da ji, nakan ƙarasa masa tun bai kai ƙarshe ba.

Ina da shekara biyar ko shida, ranar wata kasuwa da kaka, gardawa masu wasa da kura suka zo. Ban taɓa ganin kura ba. Inno na cikin cinikin fura, na zame na bi su tare da yara, daga kasuwa zuwa ƙofar gari, daga nan suka kama hanyar Wurogauri suna kiɗa. Yaran suka riƙa komawa ɗaya ɗaya ban lura ba. Da ƙaya ta soke ni na tsaya cirewa, na ɗago, kiɗa ya yi nisa, ba kowa gaba ba kowa baya, sai karan dawa ya fi ni tsawo ta ko'ina. Na yi kuka na gaji. Can na hango kan wasu rumbuna a gefen wata 'yar ruga ta manoma, mutanenta duk sun tafi fadama yankan shinkafa. Na zagaya su har na sami mai aljihu. Na ci ɗanyen gero, na zauna a inuwarsa.

Abin da ya faru a gari Inno ce ta ba ni. Bayan azahar aka tabbatar ba na kasuwa, ba na gida, ba na wajen uwata. Ubana na kan wani gini aka je aka gaya masa. Ya sauko, laka har gwiwar hannu, ya yi 'yan taku, sai ga layin tururuwa a tsakiyar titin unguwa, tana jan tsabar kaka. Ya tsaya. Ya durƙusa. Ya kafa yatsu a ƙasa, a cikin gari, gaban kowa.

Tambari ya tsufa a lokacin, yana dogara sanda. Ya dube shi, hawaye na bin gemunsa, ya ce wa samari biyu su je bayan zaure su mirgino gungumen. Ba don rantsuwarsa kawai ba. Tsoro yake kada mutumin ya bazama daji a rasa uba a rasa 'ya. Uwata ta zube a ƙasa. Ana jin ƙarar gungumen yana tahowa.

Inno ta ratsa mutane ta tsuguna gabansa, kamar ranar farko. Ba ta ce nata na gida ba, don ta san yau wannan ba zai yi ba.

Ta ce, "Atiku, mi ka ce ma ɗiyarka ta yi in ta ɓace?"

Hannunsa bai daina tono ba.

"Atiku, ina tambayarka. Ita tana da inda za ta. Kai ka gina mata. Mi ka ce ta yi?"

Yatsun suka tsaya. Ya daɗe yana kallon ƙasar da ke hannunsa, sannan ya buɗe hannun ya zubar da ita, har da tsabar da ke ciki. Ya miƙe, ya tsallake tururuwar, ya wuce ta gefen gungumen har rigarsa na gogarsa. Ya fara da rumbunan unguwa, nasa na hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, don ba ɗaya da ya manta inda ya gina shi. Kuma yana tafe yana kiran Binta da ƙarfi. Uba, da rana tsaka, yana kiran sunan 'yar fari a titi. Mata suka riƙa rufe baki da gefen zane, wasu don kunya, waɗanda suka san labarin kuwa don kuka. Tambari ya ce kada kowa ya tare shi, a bi shi daga nesa. Ya gama na cikin gari, ya fita na bayan gari, ya bi na ƙauyuka, muryarsa ta dushe bai fasa ba.

Ni barci ya ɗauke ni. Cikin barcin na ji ana kiran wata Binta, ban ma ɗauka da ni ake ba, don ban saba ba. Da na buɗe ido rana ta yi ja, ubana na durƙushe gabana, laka ta bushe ta tsattsage a hannunsa, yatsunsa na jini. Bai taɓa ni ba tukuna. Kallona kawai yake, yana haki.

Ya ce, "Binta. Ga ni, na dawo. Na daɗe ko?"

Ni kuwa haushi nake ji, ga ƙaya a ƙafa, ga ƙishirwa. Na turo baki na ce, "Ka daɗe mana, Baba. Amma ban tashi ba."

Ban taɓa jin babban mutum ya yi irin kukan nan ba, kuma ban sake ji ba. Ya kifa goshinsa a jikin rumbun yana yi, ni ina tsaye ina jan rigarsa ina cewa mu tafi gida. Mutanen da suka biyo shi suka tsaya can bakin gona, ba wanda ya matso. Da ya gama ya share fuska, ya juya mini baya ya tsuguna, na hau. A goye ya shigo da ni Kalgo, ta tsakiyar kasuwa, bai sauke ni ba sai a ɗakin Inno.

Gungumen nan a titi ya kwana inda samari suka yar da shi. Washegari Tambari ya ce a kai wa Inno ta yi girki. Kirya ce, ta yi mata kusan wata tana ci.

Ba zan ce muku daga ranar ubana bai sake tsayawa kan tururuwa ba. Yakan tsaya, har ya tsufa, ya yi ɗan jim sannan ya tsallake. Amma bai sake tono ba, ko a saura. Sunana kuwa bai ƙara kira ba har ya koma ga Allah, na koma "ke" da "yarinyar nan" kamar da. Da na yi wayo Inno ta ba ni labarin tsamiya, na gane kiran da ya yi ranar ba nawa ne ni kaɗai ba, rabi na wata ne. Wallahi ban taɓa jin kishi ba. Daɗi na ji, da ya zamana ni ce na amsa mata.

Rumbun da na zauna a gindinsa ya rushe tun tuni. Nawa na tsakar gida dai yana nan, shi ya gina mini shekarar da aka kai ni ɗaki, kuma yau da safe ma na zuba a aljihun.